Waifar A-kori-kurar Yaya

Yayana ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin sito a wani ofishin gwamnati a Yelwa. Abin da ke cikin siton kwan fitila ne da naɗin waya da makunnai a kwalaye. Aikinsa ya buɗe ƙofa da safe, ya miƙa wa masu gyara abin da suka zo karɓa, ya rufe da la'asar. Bai taɓa hawa tsani ya ɗaura ko kwai ɗaya ba. Wani mai zolaya a ofishin ne ya fara kiransa Injiniya, sunan ya bi shi, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Har ya yi ritaya, shi kaɗai ne a garin bai san da wasa aka raɗa masa ba.

Ni ƙanwarsa ce. Albasa nake saye da sayarwa, wani lokaci da bandar kifi idan ta yi sauƙi a bakin ruwa. Muna da a-kori-kura ɗaya a gidanmu, tsohuwa amma mai ƙashi. Ta gida ce, kowa na da haƙƙi a cikinta, sai dai makullinta a aljihun Yaya yake zaune. Da ya bar aiki sai ya zama shi ke kai ni ƙauyuka ɗauko kaya. Bai yarda a ce direbana ba ne. Cewa yake yi lafiyar injin yake sa wa ido, ni kuma yana rage mini hanya.

Ranar da waifa ta fara tsiyarta muna dawowa ne daga wajen Shanga, farkon damina, da buhunan albasa a baya an lulluɓe da tamfol. Hadari ya taso ta gabas, kafin mu yi nisa ruwa ya kece. Yaya ya murɗa makunni. Waifa ta share gilashi sau uku, a na huɗu ta miƙe tsaye a tsakiya ta ƙame.

Na ce, "Yaya, ta tsaya."

Ya ce, "Na gani. Hutawa take yi. Suna da lokacin da suke ɗauka tsakanin shara da shara."

Muka jira ta gama hutun. Ba ta gama ba har muka kusa kutsawa cikin wasu shanu da ke tsallaka titi, sannan ya yarda ya gangara gefe. Ya murɗa makunni sama, ya murɗa ƙasa, ya bubbugi sitiyari, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu a cikin mota. Can ya ce in fita in ɗauko albasa guda. Wai wani tsohon direba ya gaya masa in aka goga albasa a gilashi ruwa ba ya zama. Ya yanka ta biyu da wuƙarsa yana zaune a cikin mota, ya miƙo mini ta taga. Ni ce na tsaya cikin ruwa, hijabi ya manne mini a jiki, ina goga wa mota albasa kamar mai shirin soya ta, shi kuwa yana nuna mini da yatsa daga ciki inda na tsallake.

Don kada in ci haƙƙinsa, ruwan ya ɗan riƙa zamewa na wani lokaci kaɗan. Daga nan gilashin ya yi dishi-dishi, yajin albasa ya biyo iska ya cika mota, mu biyu muna hawaye. Sauran tafiyar da kansa a waje ya yi ta, ya leƙo ta taga yana tuƙi da hannu ɗaya.

Inna, mahaifiyarmu, a gidansa take zaune. Ta tsufa, ƙafa ta yi nauyi, amma bakinta bai rage komai ba. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ni take yi wa magana yana tsaye yana ji. Da muka shigo ta ɗaga ido ta dube shi, ta juyo gare ni.

"Mi ya samu yayanki, rabin kai jiƙe, rabi bushe?"

Na gaya mata. Ta ce, "To, a kai ta wurin masu gyara mana."

Ni ma abin da na ce ke nan washegari. Akwai masu wayarin a bayan tasha, aikinsu ke nan tun safe har yamma. Yaya ya dube ni kamar na zage shi a gaban surukansa.

"Waɗannan? Masu haɗa waya da haƙori? Wayar da suke taƙama da ita ta hannuna ta riƙa fita shekara da shekaru."

Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya jera filaya da sukudireba da baƙin tef, ya ɗage bonet duk da abin da yake nema ba a can yake ba, don dai masu wucewa su san ana aiki. Maƙwabta suka taru. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya daɗe, ya fito da ɗan ƙaramin fis a tafin hannu. Nan ya yi musu darasi. Ya ce a cikin abin nan akwai siririyar waya da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, don kada ta ƙona sauran kayan mota. Wannan gaskiya ne, daga baya na tabbatar. Ya sa sabo, ya murɗa makunni, waifa ta kama shara a kan busasshen gilashi cikin rana tsaka tana ƙara. Maƙwabta suka ce sai Injiniya. Ya goge hannu da tsumma a hankali, hannun da ko baƙin mai bai taɓa ba.

Ruwa na gaba, fis ya sake ƙonewa. Ya sa wani, rana ta fito, waifa ta yi aiki. Aka sake ruwa, ya sake ƙonewa. Muna da waifa mai aiki a duk ranar da ba a buƙatarta. Na ce masa, tunda shi da bakinsa ya ce fis ba ya tsinkewa sai wuta ta yi yawa, ba sai a nemi abin da ke sa ta yin yawa ba? Ya ce in tsaya a kan albasata. Shi a bincikensa, fis ɗin zamanin nan ne ba su da ƙwari.

Maganin da ya samo shi ne ya ɓare takardar azurfar da ke bayan ƙwayoyin hawan jinin Inna, ya naɗe fis da ita, ya cusa. Inna ta wayi gari ta tarar da ƙwayoyinta tsirara a cikin murfin kwano.

Wannan fis kam bai tsinke ba. Muna hanyar Birnin Yauri ana yayyafi, na ji warin roba na ƙonewa. Na duba ƙafafuna, na duba nasa, sai ga hayaƙi siriri yana fitowa daga gindin sitiyari. Na yi salati na buɗe ƙofa tun mota ba ta gama tsayawa ba. Da hayaƙin ya lafa, makunnin waifa ya narke ya lanƙwashe, wayoyin bayansa sun manne wuri ɗaya. Yaya ya leƙa ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya ce, "Madalla. Yanzu mun san inda matsalar take."

Daga nan muka shiga zamanin igiya. Ya ɗaura igiya a sandar waifa ta dama, ya ɗaura wata a ta hagu, ya shigo da su ta tagogi biyu. In ruwa ya sauko, ya ja tasa in saki tawa, in ja tawa ya saki tasa. Tagogi a buɗe, ruwa na dukanmu ta kowane gefe, shi yana ba da umarni.

"Ja! Saki! Na ce saki, ke ba ki jin magana?"

"Kai ne ba ka saki ba!"

"Ni da ke tuƙi zan saki?"

Sati uku muka yi a haka. Kafaɗata ta dama ta riƙe, har sallah sai da dabara nake ɗaga hannu. Matan da muke kasuwa tare suka samu abin yi. In na sauka daga mota sai su ce sannu da tuƙin kwale-kwale, yaya ruwa, an samu kifi? Ina dariya tare da su, amma raina a ɓace yake. Na roƙi Yaya, na haɗa shi da Allah, na ce ni zan kai motar bayan tasha, ba sai an gan shi a wurin ba. Ya ce in dai yana numfashi babu mai taɓa masa waya.

Sai ya yanke hukunci cewa ɗan injin da ke kaɗa waifar ne mai laifi tun farko. Ya shiga motar haya har Kontagora ya sayo wani na hannu. Tsohon kuma ya jefa shi a bayan mota, ya ce a bar shi nan kowa ya ga abin da ya wahalar da mu. Kwana uku ya yi yana aiki, ƙafafunsa kawai ake gani ta ƙofar direba. Ya fito da wasu naɗin waya kala-kala da suka biyo shi gida daga sito, ban tambayi yadda aka yi suka biyo shi ba. Tunda makunnin mota ya narke, ya ɗauko makunnin wutar ɗaki, fari, irin na jikin bango, ya huda gaban mota ya ɗaura shi. Wutar kuma ya jawo ta kai tsaye daga batir.

"Babu fis, babu makulli, babu ɗan tsakani," ya ce mini yana murmushi. "Daga tushe sai aiki."

Akwai wayar oda, wato ham ɗin mota, da ta riƙa tsare masa hannu yana aiki, sai ya zare ta ya ajiye gefe, ya ce zai mayar in ya gama. Ranar gwaji ya sa aka fito wa Inna da kujera ƙofar gida. Matarsa ta riƙe buta tana tsiyaya ruwa a gilashi, ya danna makunnin ɗaki, waifa ta kama aiki tsaf, dama da hagu. Ya kashe ta tsaya, ya kunna ta tashi. Ya dubi Inna yana jira. Inna ta dube ni ta ce, "Ruwan buta dai."

Kwana biyu bayan haka aka aiko mana da rasuwa. Mijin wata aminiyar Inna ne, tsohon masunci, a wani ƙauye gaba da Wara, a bakin tafki. Tare suka yi 'yanmatanci da Inna, ba yadda za a yi ta ƙi zuwa. Muka shirya ranar uku. Yaya ya sa babbar riga mai aiki da hula sabuwa. Da safen, kafin mu tashi, ya tuna da wayar oda, ya sunkuya ya mayar da ita, bai gwada komai ba. Inna ta zauna a tsakiya, ni a bakin ƙofa.

Hanya ta yi mana kyau, sama a lumshe amma ba ruwa. Sai da muka shiga ƙauyen, muna hango rumfar zaman makoki, yayyafi ya fara. Gidan nan rabinsu masallaci suke zuwa rabinsu coci, don haka rumfar cike take, liman a gefe ɗaya da jama'arsa, fasto a ɗaya gefen da nasa, ga dattawan masunta a kan benci. Daidai lokacin an ɗaga hannuwa ana addu'a, wuri ya yi tsit. Yayyafin bai kai a kunna waifa ba. Amma Yaya ya ga jama'a. Ya gyara zaman hula, ya miƙa yatsa ya danna makunni.

Waifa ta tafi dama, oda ta ce fiiit. Ta dawo hagu, oda ta ce fiiit.

Duk rumfar ta waiwayo, hannuwa a sama.

"Yaya, kashe!"

Ya danna da ƙarfi. Makunnin ɗaki ya ɓalle daga mazauninsa ya faɗa cikin ramin da aka huda masa, ya bar mana baƙin rami muna kallo. Ya murɗe makulli, inji ya mutu. Waifa ba ta san an yi ba, tunda daga tushe take shan wuta. Mutuwar injin ma sai ta ƙara wa odar fili, yanzu ita kaɗai ake ji a ƙauyen, fiiit, fiiit, a tsanake, ba gaggawa. Awaki suka watse. Mata suka leƙo ta saman zana. Liman ya yi ƙoƙarin ci gaba da addu'a, ya ɗaga murya, oda na amsa masa a kowace gaɓa. Na ga wani dattijo ya cusa fuska cikin hannun riga kafaɗunsa na rawa, kuma ba kuka yake yi ba.

Inna ta ce, "Sauke ni." Na sauke ta. Ta tsaya ta gyara mayafi ta ce, yadda na kusa za su ji, "Ranar da tawa ta zo, kada a zo mani gaisuwa da wagga mota." Ta dogara sandarta ta shige cikin gida.

Yaya ya ɗage bonet zai cire kan batir. Kayan aikinsa duk suna gida a kan tabarma. Ya gwada da hannu, ya gwada da makulli, ƙarshe ya ɗauki dutse yana dukan kan batir, babbar riga na jan laka, hula ta faɗi cikin inji. Sai wani mutum ya taso daga bencin masunta, gajere, mai furfura jefi-jefi, hannuwansa duk tabon aiki. Ya zura yatsu biyu ta gaban inji ya zare waya ɗaya, oda ta yi shiru. Ya ciro ɗan sufana daga aljihu ya kwance kan batir, waifa ta tsaya. Ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙa wa Yaya, ya ce, "Sannunku da zuwa." Ya koma ya zauna aka ƙarasa addu'a.

Ɗan ƙanen mamacin ne. Injin jiragen ruwa yake gyarawa a bakin tafki, duk masu jirgin yankin wurinsa suke kawowa. Bayan an yi gaisuwa an ci abinci, yayyafi ya ɗauke, ya zo ya durƙusa gefen Yaya ya ce ko za a ba shi izini ya duba. Ni ina tsaye kusa, na fito daga wurin mata don in ga da me za mu koma gida.

Yaya ya ce, "Ai wannan ba kwale-kwale ba ne, malam. Wutar mota daban take."

Mutumin ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Dubawa kawai zan yi, kana tsaye kana gyara mani."

Wannan ya yi wa Yaya daɗi, ya yarda. Kayan aikin mutumin kwan fitila ne ɗaya mai waya biyu, da wuƙa, da sufanan nan. Bai fara da inda Yaya ya yi kwana uku ba. Tambayata ya yi, yaushe take tsayawa? Na ce sai an yi ruwa. Ya gyaɗa kai, ya kwance farantin ƙarfe mai ramuka da ke gindin gilashi ta waje, inda sandunan waifa suke fitowa. Wari ya bugo mu. Ruwa ne kwance a wurin, baƙi, ga wani ruɓaɓɓen abu kamar dusa ya cika kwararon. Ya sa hannu ya kwaso ya zubar, ya sake kwasowa. Ya nuna mana ƙananan ramuka biyu a gefe da ruwa ya kamata ya riƙa bi yana fita, duk sun toshe. Ya zura tsinke, ruwa ya tsiyaye ƙasa.

A cikin wannan kwatamin mahaɗar wayoyin injin waifa take kwance. In an yi ruwa sai ta nutse, wuta ta tsallaka inda bai kamata ba, fis ya tsinke. In rana ta fito ta bushe, komai ya koma daidai. Ga kuma wata baƙar waya da aka ɗaure a ƙarfen jikin mota, ya ce ta nan wuta ke komawa, in ba ta kama da kyau ba inji ba ya tafiya. Ta yi tsatsa ta yi kore, silli biyu kawai ke riƙe da ita. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya kankare ƙarfen da wuƙa har ya yi haske, ya ɗaure, ya shafa giris. Sannan ya hango tsohon injin a bayan mota, wanda aka ajiye don kowa ya ga mai laifi. Ya ɗauko ya taɓa wayoyinsa a batir. Ya juya lafiya lau, ko gargada babu.

Na dubi Yaya. Yaya bai dube ni ba, ya sunkuya yana tona abin da aka kwaso da tsinke. Can ya miƙe fuskarsa ta washe.

"Ɓawon albasa! Ku duba, ɓawon albasa ne ya toshe ramin! To, albasar wa?"

Gaskiya tawa ce. A kan bonet nake zazzage albasa ina tsince ruɓaɓɓu in mun tsaya a kasuwa, iska na kwashe ɓawon tana cusawa ta ramukan. Na ce na ji, ɓawon nawa ne. Amma takardar maganin Inna ba tawa ba ce, makunnin ɗaki ba nawa ba ne, kuma ba ni na yi wa mamaci oda ba. Ya ce duk waɗannan rassa ne, shi tushe yake magana. Har ya fara gaya wa mutanen da suka kewaye mu cewa dama tun farko ya zargi danshi.

Mai gyaran kuwa ya koma kan motar. Ya shiga ciki yana warware aikin Yaya, waya bayan waya, yana taɓawa da kwan fitilarsa. Ya ce Yaya ya miƙo masa koriyar waya. Yaya ya miƙa masa shuɗiya. Ya karɓa, ya ajiye ya ɗauki koriyar da kansa. Can ya ba Yaya wani fis ya ce ya karanta masa lambar da ke jiki. Yaya ya kawo shi kusa da hanci, ya nisanta, ya juya shi wajen haske, ya ce laka ta rufe lambar. Ni daga inda nake tsaye ina ganinta.

Mai gyaran ya ɗaura mana wani ƙaramin makunni na jirgin ruwa, ya mayar da fis, ya mayar da wutar ta bi ta makulli. Aka kwara bokitin ruwa guda, ba buta ba, waifa ta share. Aka danna oda, ta yi kukanta ita kaɗai. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce yana da basira, da ya samu karatu da ya yi nisa.

Ina komawa wurin mata mutumin ya biyo ni har bakin zaure, ya rage murya.

"Hajiya, kada ki ga na shiga abin da ba nawa ba. Ku kai shi a duba mashi ido."

Na ce, "Ido kuma?"

"Wayar waifa da ta oda kusa suke, kala ce kawai ta raba su. Duk inda kore da shuɗi sunka haɗu, ya musanya. Ban ce ya iya aikin ba, rashin iyawar ma akwai. Amma wanga mutum ba ya gani sosai. Bai kamata shi riƙe sitiyari ba."

Damina guda ina zaune gefensa a kan titin da manyan motoci ke bi, ina ta masifa a kan gilashi, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ga Inna mun ɗauko mun kawo har nan. Na shiga na same ta a ɗakin aminiyarta, na raɗa mata. Ta jawo sandarta ta miƙe.

Da muka fito tafiya, akwai wani direba cikin 'yan gaisuwa da zai koma Yelwa, mai gyaran ya riga ya yi masa magana. Yaya ya buɗe ƙofa zai shiga. Inna ta tsaya a gabansa. Ba ta juyo gare ni ba wannan karon, shi ta duba.

"Ba shi makulli."

Yaya ya buɗe baki. Ta ce, "Ni na ce." Ban taɓa ganin ta yi masa magana ido da ido a gaban mutane ba, ina jin shi ma bai taɓa gani ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ya miƙa. Gaba ba ta ɗaukar mutum huɗu, sai ya hau baya da babbar rigarsa ya zauna a kan tayar safaya, ya ja tamfol ya rufa. An yi ruwa sosai a hanya. Na tausaya masa, amma ba da yawa ba.

Kai shi asibiti ya fi gyaran waifa wuya. Ya ce idonsa ƙalau, yana hango tsuntsu a tsakiyar tafki. Ya je kasuwa ya gwada tabarau a tebur ya sayo wani mai ruwan zinariya, ya riƙa yawo da shi yana cin tuntuɓe. Sai da Inna ta daina cin abincin gidansa kwana biyu sannan ya yarda. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, na dama ya fi, kuma ta daɗe. Ya tambaye shi ko yana tuƙi. Yaya ya ce jefi-jefi. Na ce kullum.

Bayan damina aka yi masa aikin ido ɗaya. Ni da matarsa muna tsaye gefen gado da safen da za a cire bandejin. Ma'aikaciyar jinya ta ɓare a hankali, ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi taga. Sannan ya juyo ya tsura mini ido, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Ke, yaushe kinka tsufa haka?"

Matarsa ta toshe baki da mayafi. Na roƙi ma'aikaciyar ta ara mana madubi, ta ciro ƙarami daga jakarta, na miƙa masa. Ya kalla ta gaba, ya karkata ta gefe, ya shafa gemu. Ya mayar mata ya yi godiya, ya ce ta nemi wani, wannan gilashinsa ba mai kyau ba ne.